Kawunan Wasiƙun Saloma

Kwarin Tamarack, Wisconsin
17 ga Afrilu, 2012

Yaya Drusilla,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji mai kiyaye mu. Yau Talata, akwai rana da 'yar iska. Marmaro ya cika garwar madara cikin minti shida.

Ina fatan ƙafar mijinki Ura ta saki, jikoki kuma suna lafiya. Mu nan lafiya lau, sai tarin maigidana Enos da ya ƙi tafiya tun da kamfanin yashi ya fara fasa tudun da ke hayin titi.

Kin ga na ce shida. Sau uku na auna da agogon aljihun Kaka, don ban yarda ba. Shekara ashirin da shida ke nan tun ranar da kika tafi Missouri kina kuka, kika ce kowace wasiƙa in fara miki ita da labarin marmaro, tunda a bakinsa kakarki da kakata, ya da ƙanwa, suka raine mu. Ban taɓa fashi ba, kuma ban taɓa rubuta miki shida ba, huɗu muka saba gani.

Na tare tsoho Arvid, maƙwabcinmu mai haƙa rijiya. Ba ɗan ikilisiyarmu ba ne, amma babu rijiyar da ke kwarin nan da bai san zurfinta ba. Ya zauna a kicin ya ɗauki soson wanke-wankena ya ɗora a faranti, ya tsiyaya masa ruwa har ya fara zubowa ta gefe.

Ya ce, "Ga tudunku nan. Dutse ne, amma na yashi, ƙwayoyinsa mulmulallu kamar ƙwan kifi, ruwan sama na shigewa tsakaninsu ya zauna. Farantin nan shi ne laka mai tauri da ke ƙasa, ba ta barin ruwa ya wuce, sai ya fito ta gefe. Shi ne marmaronki. Ruwan da kika sha da safe, ina jin tun kina 'yar mitsitsiya ya sauka."

Na ce, "To me ya same shi?"

Ya ce, "Sun haƙa burtsatse mai zurfin gaske don wanke yashinsu. Ke kina jiran ɗigo, su sun kafa baki a soson."

Na tambaye shi me ake yi da yashin. Wai jirgin ƙasa ke kai shi inda ake haƙar mai, a tsaga dutse can ƙasa, a cusa yashin cikin tsagar don kada ta rufe. Na ce wato tudun kakanninmu za a kwashe don ya je ya tokare wa wasu ƙofa. Ya yi dariya har ya ƙware da kofi.

Jiya wani mutumin kamfanin ya zo da takalmi mai sheƙi. Enos ya zagaya da shi tudun har iyaka, suka yi musafaha ya tafi. Ni kuwa ina ta kwashe kayan ɗakin ƙasa cikin akwatuna, bayana kamar zai karye.

Ki gaishe min da kowa.

Ƙanwarki,
Saloma Yutzy

*

Gonar Petersheim, Missouri
2 ga Mayu, 2012

Ƙanwata Saloma,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, mun gode Allah. Ura ya fara takawa ba sanda, mun kuma gama shukar masara.

Wasiƙarki ta same ni ina kwaɓa burodi, na karanta da gari a hannu, na zauna na yi kuka don murna. Ashe dai kun yanke shawara! Ke da ba ki iya faɗin abu kai tsaye ba, sai ki ɓoye shi a ƙarshen takarda: mutumin kamfani ya zagaya, an yi musafaha, kina haɗa kaya. Na gane, ba sai kin ƙara ba.

Kun yi daidai. Mu 'yan ikilisiyar Amish haka muka gada: idan duniya ta matse mu, sai mu ɗaura wa doki linzami mu matsa. Gonar da ke jikin tamu tana nan ba kowa, na sa Ura ya yi wa mai ita magana. Akwai rijiya mai kyau. Ba marmaro ba ne, amma ruwa ruwa ne. Daga taga za ki riƙa hango shanyata, ki yi min gorin yadda nake maƙala wanki kamar da.

Na faɗa wa mata ranar ɗinkin bargo, kowa na murna. Surukar Felty Schrock maƙwabcinku tana wurin, ta ce za ta rubuta wa 'yarta. Wane wata za ku taso? In kafin sanyi ne, zan ƙara shuka kabeji saboda ku.

Yayarki mai jira,
Drusilla

*

Kwarin Tamarack
12 ga Yuni, 2012

Yaya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Zafi, ba ruwan sama. Marmaro minti tara.

Na daɗe ban amsa ba don kada in rubuta abin da zan yi nadama.

Ba mu sayar ba. Enos ya zagaya da mutumin ne don ya nuna masa turakun iyaka, motocinsu su daina taka mana ciyawa. Kayan kuma na kwashe ne don layin ibada ya zo gidanmu, ana jera bencuna a ɗakin ƙasa. Ke da kika karɓi ibada a gidanki ya fi sau ashirin, kin san wannan. Ba abin da na rubuta kika karanta ba, Yaya, abin da kike so kika karanta.

Labarinki ya riga wasiƙarki isowa. Felty ne ke da rabin tudun nan na arewa. Wata biyar yana ce wa kamfanin a'a, don kunyar Enos. Da ya ji daga surukarsa cewa mun sayar a ɓoye, a satin ya sa hannu. Na same shi a bakin titi yana gyaran shinge.

Na ce, "Felty, ko ka tsallako ka tambaya?"

Ya ce, "Ku da kuka yi naku ba ku tsallako ba?"

Na ce, "Dubi idona. Na yi maka kama da mai tafiya?" Ya sunkuyar da kai yana ta bugun ƙusar da ta riga ta shige.

Arvid ya ce gefen Felty ne ke ciyar da marmaron. In suka sare shi, ba zancen minti tara ba ne kuma, an yanke rabin soson. Kin san ba mu da lantarki, a kwamin ruwan marmaro muke sanyaya madara. Yanzu ruwan ba ya gudu sosai, sau biyu direban gidan cuku ya tsoma ma'auninsa ya ce, "Mama, wannan ai ta kusa zama cukun da kanta," ya bar mana ita. Ƙanƙarar da muka yanko a tafki da hunturu muke ta jefawa, ba za ta kai Agusta ba.

Saura abu ɗaya. Ba za su taɓa gefen Felty ba sai majalisar gunduma ta ba su izini, za a zauna ranar 18 ga Satumba. Arvid ya ce majalisar na iya hanawa in an nuna an cutar da ruwan maƙwabci. Kamfanin ya ce fari ne kawai, kuma ba wanda ya taɓa auna marmaron nan a da, balle a ce ya ragu.

Yaya, an auna. Kusan kowane wata, shekara ashirin da shida, da kwanan wata a sama. Yana cikin akwatin da ke ƙarƙashin gadonki. Ki aiko min da wasiƙuna.

Saloma

*

Kwarin Tamarack
20 ga Yuli, 2012

Yaya Drusilla,

Gaisuwa. Minti goma sha ɗaya. Masara ta naɗe ganye.

Sati biyar ba amsa. Kullum sai na je akwatin wasiƙa a bakin titi, tifofin yashi na wucewa suna watsa min ƙura, in dawo hannu biyu. In ba ki da lafiya, ki sa wani ya rubuto. In fushi kike, ki yi fushin a takarda in gani. Ni ce ya kamata in yi fushi, kuma na gama nawa.

Saloma

*

Gonar Petersheim
6 ga Agusta, 2012

Saloma,

Muna lafiya. Nan ma fari ne, tafkin shanu ya tsage.

Ba fushi nake ba. Abin Felty laifina ne, na faɗa wa Allah, na faɗa wa Ura, yanzu na faɗa miki. Bakina ya yi gaba da hankalina. Ki yafe.

Amma wasiƙun ba zan aiko ba, kuma ki ji dalili.

Na fito da akwatin na karanta su duka, ɗari uku da tara, shi ya sa na daɗe. Kin manta abin da ke ciki. Akwai wasiƙun shekarar da kika binne jaririyarki Lovina, da abin da kika rubuta game da Allah a lokacin, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. Akwai abin da kika ce kan mahaifiyar Enos. Akwai maganar ɗan Dattijo Rudy da ya bar ikilisiya. Waɗannan za ki ɗora a teburin mutanen waje, lauya ya lashi yatsa yana buɗawa? Gobe su fito a jarida?

Na biyu, yaushe muka fara shiga zauren hukuma muna jayayya? Ba ma kai ƙara, ba ma rantsuwa, ba ma rama mugunta. A kan wannan aka yi miki baftisma kina durƙushe, ina tsaye a bayanki. Za ki sa Enos cikin kunya, a hana ku cin jibin Ubangiji da kaka, saboda ruwan da ke fita daga dutse? Tudu ne, Saloma. Kakanninmu sun bar ƙasashe sukutum.

Kina da taurin kai tun kina yarinya. Ke ce kika zauna kan garwa kika ƙi tashi har aka gama cin abinci, don an ce ni na riga ki cika tawa. To yanzu ba ke kaɗai ba ce a kan garwar.

Gonar tana nan. Kabejin ya yi kyau duk da farin.

Yayarki,
Drusilla

*

Kwarin Tamarack
21 ga Agusta, 2012

Yaya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Minti goma sha uku. Ƙanƙara ta ƙare, mun sayar da shanu huɗu.

Na yafe tun tuni. Ranar garwar nan kuwa ni na riga ki, har gobe.

Kin yi gaskiya kan abin da ke cikin wasiƙun. Na manta, ko na so in manta. Da na karanta sunan Lovina da rubutunki sai da na fita na zauna a bakin kwami. Ba na so kowa ya gani. Amma in zaɓi ne tsakanin a ga tsiraicin zuciyata da a kashe ruwan da aka wanke ta da shi, to a gani.

Dattijo Rudy, shugaban ikilisiyarmu, ya zo da keken dokinsa ranar Asabar. Na ba shi kofi da kek ɗin tuffa, ya cinye kafin ya fara.

Ya ce, "'Yar'uwa Saloma, na ji za ki je majalisa."

Na ce, "Haka ne, Dattijo."

Ya ce, "Mu ba ma kai ƙara."

Na ce, "Ban kai ƙarar kowa ba. Ba na neman a biya ni, ba na neman a hukunta wani. An tsaya gaban jama'a an ce ba a taɓa auna marmaron nan ba. Ni na auna. In na yi shiru, ba na taya su faɗin abin da ba haka yake ba?"

Ya juya wajen Enos ya ce, "Kai me ka ce?"

Kin san Enos, sai ya shekara bai haɗa jimla uku ba. Ya dubi hularsa ya ce, "Ni zan ɗaura dokin."

Dattijo ya ce to mu san abin da zai biyo baya. Na ce mun sani. Na ƙunsa masa sauran kek ɗin ya kai wa matarsa.

Kin ce kakanninmu sun bar ƙasashe. Sun bari don a bar su su yi ibada, kuma ba wanda ya hana ni ibada a nan. In na tashi, marmaron ba zai biyo ni Missouri ba, kuma gidaje shida da ke ƙasa da mu daga rafinsa shanunsu ke sha. Arvid ya ce in aka kwashe tudu, ko an mayar da ƙasa an shuka ciyawa, tari ne kawai, ba ya riƙe ruwa kamar da. Abin da Allah ya jera ƙwaya-ƙwaya ba a mayar da shi da tifa.

Zan je ranar 18, ko da wasiƙun ko babu. In babu, zan tsaya da bakina da agogon Kaka, su yi min dariya. Ba zan ƙara roƙonki ba. Ki ba wani kabejin.

Ƙanwarki,
Saloma

*

Gonar Petersheim
8 ga Satumba, 2012

Mai taurin kai,

Muna lafiya. An ɗan yi yayyafi.

Buɗe ƙunshin a hankali, kada iska ta kwashe. Na ɗauki almakashin ɗinkina na yanke kan kowace wasiƙa: kwanan wata, gaisuwa, yanayin gari, mintunan marmaro. Allah ya sa ke mai tsari ce, kullum a layuka huɗun farko kike sa su, kuma ba kya rubutu a bayan takarda. Ɗari uku da tara, na jera su shekara-shekara, na ɗinke gefe da zare. Sauran jikin yana wurina, ba mai gani sai ranar da za a binne ni.

Duba na Agustan 1988, na sa masa jan zare. Shekarar babban farin nan ce, da rijiyoyi suka ƙafe har muka riƙa jan ruwa da keken doki. Kin rubuta minti biyar. Biyar, Saloma. Su zo su ce fari ne.

Kwana uku ina yanka, kowace ƙara ta almakashi ina jin ina yanke hanyar da za ta kawo ki kusa da ni. Ban ce kin yi daidai ba. Na ce dai ba za ki tsaya gabansu hannu biyu ba ina da rai.

Yanzu duk wasiƙunki daga tsakiya suke farawa, kamar mai shigowa ɗaki ba sallama.

Drusilla

*

Kwarin Tamarack
9 ga Oktoba, 2012

Yayata Drusilla,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji mai kiyaye mu. Sanyi ya fara, ganye ya yi ja. Marmaro minti goma sha biyu da rabi.

Ƙunshin ya iso saura kwana huɗu. Mun je. Enos ya ɗaure doki a jikin turken fitila tsakanin manyan motoci, muka shiga, kowa ya juyo yana kallonmu kamar an ga fatalwa. Na ajiye ɗinkinki a tebur na koma na zauna. Arvid ne ya karanta, shekara bayan shekara: huɗu, huɗu, huɗu da rabi, huɗu. Da ya zo jan zaren ya dakata ya ce, "Wa ya tuna 1988?" Rabin zauren suka ɗaga hannu. Ya ce, "Biyar." Sannan ya karanta na bana.

Lauyan kamfanin mutum ne mai ladabi. Ya ce, "Uwargida, za ki rantse waɗannan lambobin gaskiya ne?"

Na ce, "Ba ma rantsuwa. In na ce shida, shida ne."

Ya ce, "To agogon nan ai ya girmi kowa a ɗakin nan."

Na ce, "Ya girme ka, shi ya sa ba ya gaggawa. Ku zo gobe da naku."

Aka yi dariya, ni ban yi nufin ba da dariya ba. Washegari bayan tatsa, 'yan majalisar su uku suka zo har bakin kwami, lauyan ma ya biyo su da takalminsa cikin taɓo. Na sa garwa a bakin bututu. Minti goma sha uku aba ce mai tsawo, Yaya, in mutum biyar na tsaye suna kallon ruwa kamar zare. Shugabansu ya dubi agogonsa, ya dubi na Kaka, ya ce, "Naki ya fi nawa daidai."

Biyu suka ƙi ba da izini, ɗaya ya yarda. Ba za a taɓa gefen Felty ba. Burtsatsensu na nan yana sha, an ce dai su rage, kuma Arvid ya ce za su sake nema baɗi. Felty ba ya gaishe ni. Matarsa kuwa ta aiko da kwalbar zuma ba saƙo.

Ranar Lahadi aka sa na yi ikirari gaban ikilisiya. Na ce na shiga zauren hukuma ba da shawarar dattawa ba, ina neman haƙurinsu da na Allah. Dattijo Rudy ya jira ko zan ƙara. Na ce iyakar abin da na yi ke nan, lambobin ba na neman gafara a kansu. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce a ci gaba. An ɗaga mana cin jibin Ubangiji zuwa bazara. Enos ya ce da ma gwiwarsa na ciwo, ya huta da durƙuso.

Ga kawunan nan na mayar miki, ba wanda ya ɓace. Ke kika yanke, ke za ki ɗinke kowanne a jikinsa, aikin hunturu ya same ki. Ki ce wa mai gonar ya nemi wani. Ki zo da kanki da bazara a motar haya, in ba ki garwa, in ɗauki tawa, mu ga wa zai riga.

Kin ga na ce sha biyu da rabi. Kada ki je ki faɗa wa matan ɗinki cewa marmaro ya dawo, na san ki. Rabin minti ne kawai. Amma sau uku na auna.

Ki bar wuri a akwatin.

Ƙanwarki,
Saloma Yutzy